Yadda Ake Haɗa Garkuwar Gwaiduwar Ƙwai Don Kare Maruƙa Daga Zawo

Tun ranar da na yi wa wasu masu kiwon shanun madara bayanin gwaiduwar ƙwai da ake ba ɗan maraƙi don kada zawo ya kashe shi, tambayar ba ta rabu da ni ba. An tare ni da ita a Kara, an bugo mini waya a kanta, har wani dattijo daga wajen Wurno ya aiko ɗansa takanas ya ji wane irin ƙwai ne kuma yaya ake haɗa shi. To ga shi dalla-dalla.

Ba kowane ƙwai ba ne. Idan jikin kaza ya haɗu da wata ƙwayar cuta, yakan ƙera sinadarin garkuwa wanda ya dace da wannan ƙwayar ita kaɗai, sannan kazar ta zuba shi cikin gwaiduwa saboda ɗan tsakon da zai fito. Masana suna kiran sinadarin IgY. Gwaiduwa ɗaya takan ɗauki miligiram 50 zuwa 100 nasa, amma wanda ya nufi ƙwayar da kake so bai wuce kashi 2 zuwa 10 cikin 100 ba, shi ma sai an yi wa kazar allura. Aikinmu shi ne mu sa kaza ta ƙera garkuwar ciwon maraƙi, mu karɓa daga ƙwanta, mu isar da ita hanjin maraƙin ba tare da zafi ya lalata ta a hanya ba.

1. Fara da gano ƙwayar

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Zawo alama ce, kuma masu kawo shi suna da yawa. Garkuwar da aka haɗa don ƙwaya ɗaya ba ta san ɗayar ba, ko da a hanji ɗaya suke zaune.

Kwanakin maraƙin su ne hasken farko. Zawo mai ruwa tsululu, fari ko rawaya, wanda ya kama maraƙi cikin kwana 4 na farko ya kayar da shi kafin a ankara, galibi aikin bakteriyar E. coli ce mai ɗauke da ƙugiyoyin da ake kira K99. Da waɗannan ƙugiyoyi take maƙalewa a bangon hanji ta saki dafin da ke tsiyaye ruwan jiki. Daga kwana 5 zuwa sati 2 an fi zargin rotabairos. Daga sati 1 zuwa sati 3 akwai ƙwayar hanji da muke kira kirifto (Cryptosporidium). Zawo da jini bayan sati 3 kan zama koksi (ciwon hanji na coccidiosis), ko bakteriyar Salmonela idan da zazzaɓi da wari mai ƙarfi. Wannan jagora ta fi amfani ga zawon E. coli, domin idan garkuwar ta lulluɓe ƙugiyoyin K99, ƙwayar ba ta samun abin riƙewa, sai ta bi kashi ta fita.

Amma kwanaki hasashe ne, gwaji ne ke tabbatarwa. Ka ɗebi kashi daga maruƙa uku ko huɗu da zawon ya fara kama su a ranar, kai tsaye daga dubura da safar hannu mai tsabta, kowanne a kwalbarsa. Rubuta kwanakin maraƙin a jiki, saka cikin kula da ƙanƙara, ka kai ɗakin gwaji a ranar. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin garin Sakkwato, nan ne wurin farawa. Idan ana buƙatar gwaji mai zurfi, likita zai iya tura samfurin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

Hattara: kada ka ɗebi kashin da ya kwana a ƙasa, kuma kada ka ɗeba daga maraƙin da aka riga aka ɗirka wa taramasin. Sakamakon zai ruɗe ka. Sannan ka sani akwai E. coli a hanjin kowace dabba mai lafiya. Idan takarda ta ce an ga E. coli kawai, ba ta faɗi komai ba. Ka nemi a duba maka ko mai K99 ce.

2. Lissafi kafin ka sayi komai

Kaza mai ƙwai takan ci giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kusan sati 3. Idan suna kan ganiyarsu za ka samu ƙwai 7 zuwa 8 a rana, a bazara ƙasa da haka. Maraƙi ɗaya, in za a ba shi gwaiduwa biyu a rana har kwana 10, zai ci ƙwai 20, bai kai kiret ba. Sai ka ƙirga shanun da za su haihu a watannin da ke tafe, ka san kaji nawa kake buƙata. Ga mai shanu ashirin zuwa talatin, kaji goma sun wadatar.

Banda kaji da abincinsu, kuɗi zai tafi a gwajin farko, haɗa ruwan allura, ladan likita sau uku, gwajin ƙarfin garkuwa, da wutar firji. Wannan na ƙarshen ne ke cin mutum a ɓoye. Ƙananan kaya kuwa su ne sirinji mai mililita 2, allurai sirara, safar hannu, sifirit, takardar goge hannu ta kicin, ma'aunin zafi, ƙananan robobi masu murfi, da kwalbar shayarwa mai nono.

Ra'ayina, mai saniya biyu ko uku kada ya shiga wannan shi kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma a unguwa ɗaya, keji ɗaya, firiza ɗaya. Kuma ku fara wata 2 kafin haihuwa, don ba aikin gaggawa ba ne.

3. Zaɓen kaji

Nemi 'yan sati 18 zuwa 20 da ke gab da fara ƙwai, daga gonar da ke da takardar rigakafinsu. Kajin gida suna yin garkuwa sarai, matsalarsu ƙarancin ƙwai da yawan kwanci. Ware su a kejinsu, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da sauran kaji da ɓeraye. Ba su sati 2 su saba da wurin kafin allurar farko.

Hattara: sa a gwada su a tabbatar ba su ɗauke da Salmonela. Ɗanyar gwaiduwa za ka ba jaririn dabba, kuma wannan ƙwaya tana iya shiga ƙwai tun yana cikin kaza. Idan aka samu ɓullar murar tsuntsaye a yankinku, dakatar da komai sai likita ya ba da izini.

Ƙwai biyar na farko, kafin allura, ka rubuta musu kwanan wata ka ajiye a firji. Da su za a auna ko allurar ta yi aiki.

4. Ruwan allura

Wannan mataki ba na gida ba ne, na ma'aikatan ɗakin gwaji ne. Ina faɗarsa don ka san abin da kake biya wa kuɗi, ka kuma san abin tambaya.

Hanya biyu ce. Ko dai a yi amfani da ƙwayar da aka samo daga garkenka, a kashe ta da sinadarin fomalin, a wanke, a auna yawanta. Ko kuma likita ya samo rigakafin shanu na kamfani mai ɗauke da matacciyar K99, a yi wa kaji da shi. Na fi son ta farko idan da hali, domin ita ce ainihin ƙwayar da ke kashe maka maruƙa. Ta biyu ta fi sauƙi, idan an samu maganin kuma bai sha rana a hanya ba.

Ana gauraya matacciyar ƙwayar da wani mai da ke tsokano garkuwar kaza ya kuma riƙe maganin a tsoka. Sananne a cikinsu shi ne na Freund, mai iri biyu: cikakke da marar cika. Cikakken yana da kaifi amma yakan haddasa kumburi ya rage ƙwai, don haka in za a yi amfani da shi, sau ɗaya ne, a allurar farko. Haɗin da ya kama sosai fari ne mai kauri kamar kindirmo, kuma idan aka ɗiga shi a kan ruwa ɗigon ba ya bajewa.

Hattara: ka tambaya ko an shuka ruwan bayan kashewa, wato an gwada rainon ƙwayar daga cikinsa, an ga babu abin da ya tsiro. Idan ba a yi ba, kada a taɓa kajinka da shi.

5. Yi wa kaji allura

Da asuba ake yi, kafin rana ta ɗaga. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kaza tana haki da kanta, in ka ƙara mata kamu da allura da tsakar rana za ka iya rasa ta. Wanda ya samu zaɓi ya fara aikin a ƙarshen damina ko cikin hunturu.

Mutum ɗaya ya riƙe kazar, fukafukai da ƙafafu, ƙirjinta sama. Likita ya shafa sifirit, ya raba rabin mililita zuwa mililita 1 gida biyu, rabi a tsokar ƙirji ta dama, rabi a ta hagu. Allurar a karkace take shiga, ba zurfi, ba kusa da ƙashin ƙirji ba, don kada ta zarce cikin ciki. Ba a yi a cinya, yana gurgunta su. Kowace kaza da sabuwar allurarta.

Bayan sati 3 zuwa 4 a maimaita, bayan wasu sati 3 zuwa 4 a yi ta uku. Ƙwai zai ɗan ragu na 'yan kwanaki bayan kowace allura, ba abin tsoro ba ne. Ƙara musu ruwa mai sanyi da bitamin.

Hattara: idan wannan mai ya soki yatsan mutum bisa kuskure, a tafi asibiti nan take ko da ba ya ciwo, a faɗa musu abin da ke cikin sirinjin. Yana iya kumbura yatsa har ya lalata nama.

6. Tara ƙwai da gwada ƙarfinsu

Garkuwa takan bayyana a gwaiduwa 'yan kwanaki bayan ta bayyana a jinin kaza, amma ba ta yin ƙarfin kirki sai bayan allura ta biyu. Fara tarawa kamar sati 2 bayan ta biyun. Kwashe sau biyu ko uku a rana, rubuta kwanan wata da fensir a ɓawon, kai firji. Fasasshe da wanda kashi ya ɓata, zubar.

Kai ƙwai uku sababbi tare da tsofaffin nan na kafin allura a gwada. Gwajin ELISA shi ne mai ba da adadi. Inda babu shi, akwai mai sauƙi: a ɗiga ruwan garkuwar da aka tace daga gwaiduwar a kan gilashi a haɗa da matacciyar ƙwayar, in garkuwar na nan za a ga sun dunƙule kamar gari a ruwa, na kafin allura kuwa ya zauna sumul. Maimaita gwajin bayan kowane wata 2, in ƙarfin ya sauka a ƙara wa kajin allura.

Mutane suna tsallake wannan don tsimi. Wanda ya tsallake bai san ko magani yake bayarwa ba ko ƙwai kawai.

7. Raba gwaiduwa

Wanke hannu, sa safa. Goge ɓawon da sifirit ka bari ya bushe. Fasa a hankali, tsiyaye farin, ɗora gwaiduwar a kan takardar goge hannu ka mirgina ta har sauran farin ya kama takardar. Huda fatar da tsinke mai tsabta, bar ruwan ya zuba a kofi, fatar ta tsaya a takarda. Za ka samu kusan mililita 15. Farin ba ya cikin aikin, garkuwar da muke nema ba a cikinsa take ba, kuma ɗanyensa yana ɗaure wani bitamin a hanji.

Haɗa gwaiduwar kaji da yawa wuri ɗaya, domin wata kazar ta fi wata ƙera garkuwa.

Daga nan zaɓi biyu ne. A ɗakin gwaji ana tace garkuwar: kashi 1 na gwaiduwa, kashi 9 na tataccen ruwa mai sanyi, a daidaita tsaminsa zuwa pH 5.0 ko 5.2, ya kwana a firji a digiri 4, kitsen ya kwanta, a juya a inji a tace, garkuwar tana cikin ruwan sama. Ɗalibai masu bincike wannan suke buƙata, da matakan ƙarin tacewa da ke biye, na gishiri ko sinadarin PEG 6000. Ga maraƙi kuwa na fi son gwaiduwar yadda take. Tsami mai ƙarfi, ƙasa da pH 3.5, yana karya wannan garkuwa, kuma kitse da furotin na gwaiduwa da madara su ne ke yi mata rumfa ta wuce tumbi ta isa hanji. Tacewa tana cire mata wannan rumfar.

Mai ma'aunin zafi na ƙwarai zai iya rage haɗarin Salmonela: saka kofin gwaiduwar cikin tukunyar ruwan zafi yana motsawa, ta kai digiri 60 ta tsaya nan minti 6, sannan a tsoma kofin cikin ruwan ƙanƙara.

Hattara: daga digiri 65 garkuwar ta fara lalacewa, in ta haura 70 ta tafi da sauri. Kada ka yi wannan da ƙiyasin yatsa. Dafaffen ƙwai da soyayye ba su da sauran garkuwa.

8. Adanawa

Ƙwan da ba a fasa ba ya fi jure ajiya, yana yin makonni a firji. Gwaiduwar da aka fasa a yi amfani da ita a ranar. In za a daɗe, gauraya ta da dafaffen ruwan da ya huce daidai yawanta, raba a ƙananan robobi, kowace roba shan maraƙi ɗaya, a daskarar a firiza. Tsurarta in ta daskare takan zama danƙo ta ƙi narkewa a madara.

Na taɓa yin asarar tarin wata guda a wata gona a bayan gari. An ɗauke wuta kwana biyu, janareto ba mai, kayan suka narke, aka sake daskarar da su ba a faɗa mini ba. Sai da maruƙa uku suka kwanta muka gane. Tun daga nan nake ajiye kofin ruwa da ya daskare a firizar da tsakuwa a samansa. Ranar da na tarar da tsakuwar a ƙasan kofin, na san kayan sun narke a bayana. Wanda ya narke sau ɗaya a ba da shi a ranar ko a zubar. Randa da jiƙaƙƙen yashi suna taimakon ƙwan da ba a fasa ba na kwana biyu ko uku, amma ba su maye gurbin firji. Mai hali ya sa firiza mai sola.

9. Ba wa maraƙi

Dakashi ne farko, kuma babu gwaiduwar da ke maye gurbinsa. Maraƙi yana zuwa duniya ba garkuwa a jininsa, daga dakashin uwarsa yake samu, kuma ƙofar shigarta jini tana rufewa cikin awa 24. Ya sha kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin awa 6 na farko. Mai kilo 25 yana buƙatar lita 2 da rabi ke nan. Na san daɗin dafaffen dakashi, amma a bar wa maraƙin ya ƙoshi tukuna.

Bayan ya sha dakashin farko, a ranar haihuwar, fara ba shi gwaiduwa. Abin da nake farawa da shi gwaiduwa ɗaya da safe ɗaya da yamma har kwana 10, likitanka zai ƙara ko ya rage gwargwadon sakamakon gwajin ƙarfi. Kaɗa ta cikin madara kamar kofi ɗaya mai ɗumin jiki, digiri 38 zuwa 39. Shanunmu Gudali ba sa sakin nono sai ɗansu na kusa, saboda haka tatso kaɗan, haɗa, ba shi a kwalba yana jin yunwa, sannan ka sake shi ga uwar. 'Yan tumaki da 'yan awaki, in gwaji ya nuna ƙwayar iri ɗaya ce, gwaiduwa ɗaya ta ishi uku ko huɗu.

Garkuwar ba ta zama a hanji, tana bin abinci ta wuce. Shi ya sa ake bayarwa kullum, tsallake yini ɗaya a kwanakin farko buɗe ƙofa ne.

Hattara: in madarar wata saniya ce ka tafasa, bari ta huce kafin ka zuba gwaiduwa. Bar maraƙi ya tsotsa da kansa, ban da ɗura, madara na iya zarcewa huhu. Kuma ko da wasa kada a yi wa dabba allurar gwaiduwa ko ruwanta. Ta baki kawai.

10. Idan zawon ya riga ya kama

Rashin ruwa ne ke kashe maraƙi. Ware shi daga sauran, ba shi ruwan gishirin zawo tsakanin shan nono, kada ka hana shi nonon. Yi amfani da na leda da aka haɗa, na dabbobi ko na mutane. Sukarin shayi bai dace ba, jaririn maraƙi ba ya iya narkar da shi, ƙara zawon yake yi, gulukos ake so. Ci gaba da gwaiduwar, a ƙara ta zuwa sau uku a rana. Tana rage tsananin ciwon idan an fara da wuri, amma ƙarfinta ya fi yawa a rigakafi.

Idan ido ya faɗa, fatar wuya ta tsaya bayan an ja ta, baki ya yi sanyi, ya daina tsotso, wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata. Idan da zazzaɓi, kumburin cibiya ko gwiwa, ko jini a kashi, mai yiwuwa ƙwayar ta shiga jini, inda gwaiduwa ba ta kai ba. Nan ne gurbin antibayotik, wanda likita ya zaɓa. Abin da wannan aiki ke rage maka shi ne ɗirka wa kowane maraƙi allura ba dalili, har magani ya daina ci.

Share wurin haihuwa, sauya shimfiɗa, tsoma cibiya a aidin, wanke kwalba da ruwan zafi bayan kowane sha. Rubuta a littafi ranar haihuwar kowane maraƙi, ranar da aka fara ba shi, da ranar da ya yi zawo in ya yi.

11. Mutane fa?

An tambaye ni fiye da sau goma ko wannan garkuwa za ta yi wa mutane amfani. Gaskiya ne ana bincike a kai. A Japan an yi kindirmo mai ɗauke da garkuwar ƙwai a kan bakteriyar da ke haddasa gyambon ciki. An gwada ta a kan ƙwayar da ke cin haƙori. A Suwidin an yi ruwan kurkurar baki da ita ga masu wani ciwon huhu na gado, kodayake babban gwajin da aka yi daga baya bai nuna fifiko a fili ba. Duk waɗannan an tace su ne a masana'anta ƙarƙashin sa ido. Abin da ka haɗa a gonarka na dabbobinka ne. Yaro mai gudawa ko amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti, kada a ba shi ɗanyen ƙwai, balle mai borin jini in ya ci ƙwai.

Ƙwan waɗannan kaji kada ya shiga kiret ɗin kasuwa ko teburin mai shayi. Ware musu kiret mai alama. Kajin da aka yi wa allura da man Freund ba na yanka ba ne idan sun gama ƙwai, likita zai faɗa maka yadda za a yi da su. Wanda kuma ya ga abin ya karɓe shi har yana son ya ƙulla ya sayar wa wasu makiyaya, sai ya bi ta NAFDAC ya yi rajista kafin roba ɗaya ta fita daga gonarsa.